Jegon Dokin Teku a Giza

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar da na yi wa kifi jego a birnin Alƙahira ba. Yau an haura shekara arba'in, jikokin ƙannena ma sun fara tsayi, amma da zarar na ji ƙamshin kunun kanwa sai kunnuwana su ɗau zafi, in ji kamar in nemi ƙarƙashin gado in shige.

A farkon shekarun tamanin ne. Malam (haka nake kiran maigidana, har gobe bakina bai iya kama sunansa ba) yana aikin fassara takardu a ofishin jakadancinmu, muna zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene a Giza, tsallaken kogi daga tsakiyar birnin. Shekararmu huɗu da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Shi ya fita da sassafe, ni kuma in wuni ina zagaye ɗaki biyu. In leƙa baranda in zura kwando da igiya mai ful ya sako mini dafaffen wakensa, in saurari mai tukunyar gas yana buga ƙarfensa har ya sha kwana, in ɗauko rikoda in yi wa Inna kaset zuwa Zariya, ina ta rantse mata cewa Masar daɗi kamar me. Ƙarya nake yi. Kaɗaici ne ya ishe ni, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

A can ƙasan akwatina akwai wani ƙulli da Inna ta cusa mini ranar da za mu taso: jar kanwa, citta, kanumfari, masoro da kimba. Ba ta ce komai ba sai, "Ajiye, ranarsa na zuwa." Kayan jego ne. Ban taɓa kwance shi ba. Wani lokaci dai nakan ɗauko in shinshina in mayar.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani dattijo ce, Ustaz Ramzi, tsohon malamin makaranta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse. Ranar wata Sallah Malam ya ce in kai masa waina. Da ya buɗe ƙofa ko fuskarsa ban kalla ba, don wani koren haske na hango a bayansa. Tankin gilashi ne babba cike da ruwa, da ciyayi a ciki suna rausaya, kumfa tana ta tasowa a hankali. Cikin ciyayin kuma ga wasu halittu biyu da ban taɓa mafarkin akwai su ba. Kansu na doki, wutsiyarsu ta hawainiya, tsawonsu bai wuce tafin hannuna ba, kuma a tsaye suke tafiya cikin ruwan, ba gaggawa, ba ƙara. Dokin teku ke nan. Na tsaya da faranti a hannu har wainar ta huce.

Daga ranar na samu wurin zuwa. Kullum da hantsi in na gama shara sai in ƙwanƙwasa, tsohon ya bar ƙofa a buɗe, ya koma kujerarsa da jaridarsa, ni kuma in zauna a kan darduma in zuba wa tankin ido. Kowace safiya su biyun nan sai sun gaisa. Launinsu ya washe, su sarƙe wutsiya, su yi ta juyawa tare suna hawa sama, in sun kai su rabu, su sauko, su sake. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi rafin Kubanni na Zariya ba, sai ga ni ina tunanin yadda ƙasan teku yake, ko akwai dare da rana a can, ko su ma suna kewar gida. Hayaniyar motocin Giza sai ta yi nisa. Wani lokaci sai kiran sallar azahar ne ke dawo da ni, daga masallatai goma a lokaci guda.

Ɗaya daga cikinsu cikinsa ya yi tulu, kullum ƙara girma yake. Ban tsaya tambaya ba na raɗa masa suna Hajiya. Siririn kuwa, mai yawon banza daga wannan ciyawa zuwa waccan, na ce shi ne Alhaji. Da na faɗa wa Ustaz Ramzi sunayen ina nunawa da yatsa, ya yi dariya har da tari, ya yi wani dogon bayani yana girgiza kai. Na ce masa, "Tamam."

A nan sai na yi ikirari. Larabcina na allo ne. Ba ni kowace takarda in karanta maka ita da tajwidi, ba gyara, amma kada ka tambaye ni me ta ce. Larabcin Misirawa kuwa kalma biyar na riƙe, kuma a cikinsu "tamam", wato "to, na gane", ce ta fi yi mini aiki. Kunya ba ta barina in ce ban gane ba. Abu ɗaya dai na fahimta sarai, don da hannu ya nuna mini: marigayiya matarsa ce ta fara kiwon, sun sha samun 'ya'ya, amma ba su taɓa raya ko ɗaya ba. Ya haɗa yatsu biyu ya nuna ƙanƙantarsu, sannan ya kifar da tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallon hotonta a bango.

Ana cikin tsakiyar sanyi aka aiko masa ƙanwarsa ba lafiya a Iskandariyya. Kwana goma zai yi. Ya kira ni ya zaga da ni gidan yana magana kamar ana korarsa. Ga bokiti a baranda mai 'yan jatan lande masu rai, abincin manyan ke nan (wannan na gane). Ga jarkoki na ruwan teku da ake kawo masa daga Suwais. Ga kwalabe uku a jere, kowace da siririn tiyo yana hura mata iska, ga gwangwani cike da wani gari mai kama da yaji. Ya nuna garin, ya nuna kwalaben, ya nuna cikin Hajiya. Sannan ya danƙa mini makulli da takarda shafi biyu, rubutun hannu.

"Amana, ya binti," ya ce, idonsa ya yi rau-rau. "In sun zo, kada su mutu."

"Tamam," na ce.

Da yamma Malam ya ga takardar a hannuna ina ta bin ta da yatsa. Ku tuna fa, mutumin nan fassarar Larabci ce sana'arsa, da ita muke ci. Ya ce, "Kawo in duba miki mana."

Na naɗe ta. "Ni aka ba amana ko kai?"

Ya yi murmushi ya ci gaba da cin tuwonsa. Washegari na ɗora takardar a kan kabad ɗin Ustaz, na rataye makullin a ƙusa bayan ƙofarmu.

Kwana biyu da tafiyarsa, da sassafe, hazo ya rufe gari har ba a ganin benen da ke gabanmu, na shiga na tarar da Hajiya ta naɗe wutsiya a jikin ciyawa tana ta lanƙwashewa tana miƙewa. Naƙuda! Na durƙusa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sai na ga wani abu ya fito daga cikinta, ɗan firit, bai fi gashin ido ba. Sai wani. Sai goma a lokaci guda. Kafin rana ta keto hazon, ruwan ya cika da su, sun fi ɗari, kowanne da ɗan kansa na doki da 'yar wutsiyarsa, suna shawagi cikin koren hasken, wasu sun riƙe wutsiyar juna sun rasa yadda za su saki. Ban san lokacin da na fara kuka ba. Shekara huɗu ina jiran in ga haihuwa a kusa da ni, ga ta ta zo ta ƙofar maƙwabci.

Alhaji kuwa yana can gefe yana farautar jatan landensa. Ko waiwaye bai yi ba. Na harare shi na ce, "Halinku ne ai."

Sai maganar abinci. Na leƙa kwalaben nan uku, na ga wasu 'yan ƙwari jajaye kamar ƙura suna ta tsalle a ciki. Na ce a raina, jariri sabon haihuwa a ɗura masa ƙwaro? Ba a gidanmu ba. Shi ya sa nasu suke mutuwa! Tsoho ne namiji, me ya sani? Ni kuwa na ga jegon yayata, na ga na matan unguwa. Mai jego ɗumi take so da kunun kanwa, ta sha, nono ya kawo, jarirai su ƙoshi. (E, na ɗauka tana da nono. Ban ga inda yake ba, amma na ce ikon Allah ya fi haka.)

Na koma ɗaki na jawo akwati na kwance ƙullin Inna. Na jiƙa gero, na daka, na tace, na dama kunu mai kyau, ƙamshinsa ya cika benen. Na bar shi ya huce, na ɗebi ƙaramin cokali ɗaya na zuba a tankin da bisimilla. Na lulluɓe gilashin ta gefe uku da sabuwar atamfata saboda sanyi, na kunna turaren wuta a kasko na ajiye a gindinsa. Wankan ruwan zafi ne kawai Allah Ya tsare ban yi mata ba, shi ma don na rasa ganyen darbejiya ne.

Kunun ya bazu a ruwan kamar farin gajimare, jariran suna ratsa shi suna ɓacewa suna bayyana. Abin ya yi mini kyau ƙwarai. Da na dawo da la'asar na tarar ruwan ya washe tas. Na ce, "Masha Allah, sun shanye!"

Haka na yi ta yi kullum. Sai dai jariran suna raguwa. Ban taɓa ganin gawa ba, amma ido ba ya ƙarya: jiya sun cika ko'ina, yau ana ganin fili a tsakaninsu. Hankalina ya tashi. Na tuna tafin hannun Ustaz da ya kifar, na tuna hoton matarsa. Me zan ce masa? Na yanke shawarar kunun ne bai ishe su ba, na mayar da shi cokali biyu.

Ranar ne Malam ya ce, cikin sanyin murya, "Anya kuwa kifi na shan kunu? Da kin bari haka nan."

Na ajiye ludayi na juyo. "Malam, me maza suka sani a harkar jego?"

Ya juya ya fita. Ni ma dama ina cike da shi. Kwanakin nan ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a: in ya je sallar asuba sai ya daɗe bai shigo ba, in ya dawo aiki na kwanta ƙailula sai ya ce zai ɗan sha iska, ya dawo hannun rigarsa a jiƙe. Ni ina fama da mai jego da jarirai, shi yana shan iska.

To, matan 'yan Najeriya da ke garin muna da zama duk wata, gida-gida, kuma zagayen ya faɗo kaina daidai ranar da jariran suka cika kwana bakwai. Na ce wannan ba banza ba, suna za a yi. Na soya cincin, na yi dubulan, na dama kunun kanwa babbar tukunya. Mata goma sha biyu suka zo, a gabansu Hajiya Mairo, matar babban jami'i a ofishinsu Malam, wadda ta shekara ashirin a Masar, Larabci a bakinta kamar ruwa. Malam ya ba mu wuri ya sauka ƙasa wajen mai shayi.

Da aka ci aka sha na ce, "Yalla, ku taso ku yi barka." Na buɗe gidan mutum ba da izininsa ba, na shigar da mata goma sha biyu da kofunansu, na ƙara turare a kasko, na yaye atamfar. Matan suka zuba wa tankin ido. Har Hajiya Mairo sai da ta dafa ƙirji ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Wata ta rangaɗa guɗa. Da a nan na tsaya, da na tsira da mutuncina.

Amma ina! Kaina ya kumbura. Na zuba cokali biyu na kunu a gabansu, na gyara tsayuwa, na fara wa'azi.

"Ku dubi baiwar Allah nan," na ce ina nuna Hajiya. "Ita ta ɗauki ciki, ita ta yi naƙuda, dubi yadda ta rame. Shi kuwa gogan ga shi can, ci kawai. Wallahi ko a ƙasan teku namiji namiji ne. Nawa ma da kuke gani, kwana bakwai ina wahala, ko leƙowa bai yi ba. Shan iska yake zuwa!"

Aka kwashe da dariya, ana tafawa. Ina cikin jin daɗin kaina sai na ga dariyar tana mutuwa daga baya, mata suna jan mayafi. Na waiwaya. Ustaz Ramzi ne a bakin ƙofarsa, ya dawo kwana ɗaya kafin lokaci. A bayansa ga Malam riƙe da jakarsa, sun haɗu a ƙasa. Ban san tun yaushe suke tsaye ba, amma fuskar Malam ta nuna mini ya ji abin da ya ishe shi.

Tsohon ya dubi hayaƙi, ya dubi mata, ya dubi atamfa, ya dubi farin gajimaren da ke yawo a tankinsa. Ya tako a hankali ya tsoma yatsa ya lasa. Ya tambayi wani abu. Malam ya amsa da 'yar gajeruwar magana, kansa a ƙasa. Ustaz ya dafe kai ya ce, "Ya Sattar!" ya shiga zuba Larabci.

Na ce, "Malam, me ya ce?"

"Ya ce... an gode da ƙoƙari."

"Ba haka ya ce ba," in ji Hajiya Mairo, da muryarta da ake ji har hawa na ɗaya. "Cewa ya yi kunu guba ne a ruwan nan, ruɓar da shi yake yi. Ya ce jariran ba sa cin komai sai 'yan ƙwarin kwalaben can, masu rai, ga shi nan ya rubuta a layin farko. Kuma ya ce ba su da nono." Ta ɗan saurara, tsohon ya ƙara wata magana yana nuna tankin. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. "Ya ce kuma wannan da kike ce wa Hajiya namiji ne. A wurinsu mace ce ke zuba ƙwai a jakar cikin namiji, shi ya yi goyon ciki, shi ya haihu. Alhajin naki ita ce matar. Ya ce ya faɗa miki tun tuni kika ce tamam."

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. A hawa na huɗu nake, ko ta tsage ɗakin wasu zan faɗa. Wata ta shaƙe da kunu, wata ta zube a kan darduma tana riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye da cokali a hannu.

Ustaz bai bi ta kanmu ba. Ya manna fuska a gilashi yana ƙirgawa da yatsa, leɓunansa na motsi. Can ya miƙe, ya je ya duba kwalaben, ya ɗaga jarkokin ya ji sun kusa ƙarewa. Ya juyo yana tambaya. Sai Hajiya Mairo ta ce, "Yana tambaya wa ke canza ruwan, wa ke ba su abinci. Ya ce da kunu kaɗai ne da kwana biyu ba za su yi ba."

Malam ya sosa ƙeya ya ɗaga yatsa kamar ɗan makarantar da aka kama.

Ashe tun ranar farko ya ɗauki makulli a ƙusa ya je ya karanta takardar. Shan iskar ke nan. Bayan asuba ya tace 'yan ƙwarin ya ba su, ya zuba sabon gari a kwalba (ashe ƙwayayen ƙwarin ne) don na gobe su ƙyanƙyashe. Da rana, ina barci, ya zuƙe kununa da tiyo, ya kwashe waɗanda suka mutu don kada in gani, ya ƙara ruwan teku. Da magariba ya sake leƙawa. Goma sha tara ne suka rage. Ustaz ya ce shi da matarsa ba su taɓa kai ko ɗaya kwana bakwai ba. Ya rungume Malam yana sumbatar kansa, ya dubi hoton bango yana share ido. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ma'alish, ya binti." Wannan kam na gane ta ba tafinta: ba komai, 'yata.

Matan suka watse suna dariya har ƙasan bene. (Daga ranar sunana ya koma Ungozoma, kuma ya biyo ni har Najeriya.) Na shige ɗaki na zauna a bakin gado, ga sauran ƙullin Inna a buɗe, na yi kuka mai isata. Kunya ce, da baƙin cikin waɗanda kununa ya kashe, da kuma wani abu da ya fi su daɗewa a raina. Malam ya shigo ya tsaya. Na ce, ba tare da na ɗago ba, "Me ya sa ba ka hana ni da ƙarfi ba?"

Ya ce, "Tun da muka zo garin nan ban taɓa jin kina waƙa a kicin ba sai makon nan. Na kasa."

Ya fita, na ji ƙarar kwanuka. Ya dawo da kofi a hannu ya miƙo mini tare da ludayi, fuskarsa ba alamar wasa.

"Tunda dai an tabbatar maza ne ke jego a benen nan," ya ce, "zuba mini kununa."

Na yi dariya da hawaye a fuska har na sarƙe. Kofi uku ya sha.

Bakwai daga cikin jariran sun girma har sun yi tasu rawar safiya, kuma da hannuna na ci gaba da tace musu ƙwarinsu, bayan na zauna an fassara mini takardar layi-layi. Tun daga lokacin ban ƙara cewa tamam a kan abin da ban gane ba. In kuma na ji wa'azi a kan halin maza yana taso mini, sai in fara duba hannun rigar Malam tukuna, in ga ko a jiƙe yake.